Me ya sa "está" ke komawa "esté"? Tambayar mai sayen zoɓo a kan Sifaniyanci

Ɗan Zoɓo, daga ƙasar Sule Tankarkar

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi mini haƙuri zan ɗan ja magana, don in ban faɗi yadda abin ya faro ba, ba za a gane inda ya ɗaure mini kai ba.

Sana'ar gidanmu zoɓo ce. Da kaka ta yi, ni nake bin ƙauyuka da sikeli ina saye a hannun manoma, ranar Alhamis kuma ina Maigatari. In an tara, mata su tsince, a fitar da gurguzu da kara da yashi, a ɗura a buhu, kawuna ya kai Dawanau. Mun daɗe da sanin cewa da yawan kayan nan Meksiko suke tafiya, inda suke kiransa jamaica, ana furtawa kamar hamaika, suna jiƙawa su sha da sanyi kamar yadda muke yi. Amma ba mu taɓa magana da ko mutum ɗaya daga can ba. Kullum akwai mutum uku ko huɗu a tsakani, kowa na cire nasa.

Bara aka haɗa kawu da wani mai saye ta WhatsApp. Da harshensu yake rubutowa, ni kuma in saka a manhajar fassara. Kawu ya ce tunda ni na gama sakandare, in zauna in koyi harshen, kada wata rana waya ta jefa mu a rami. Wata takwas ke nan ina yi, bayan isha'i, in na karɓo wayata daga wurin mai caji. Na iya gaisuwa da lissafi da kwanakin mako, na haddace está da tiene da llega.

To ga inda na tsaya. Mun tura masa samfur kilo 2. Bayan kwanaki ya rubuto: "Cuando llegue la muestra, hablamos del precio." Ni na san llegué a darasin abin da ya wuce, don haka na ce wa kawu samfur ya isa, mutumin na son a yi maganar farashi. A ranar kawu ya raba kafin alƙalami na buhu 40 a ƙauyuka biyu. Muka yi kwana huɗu shiru. Ashe samfurin ko ƙasar bai shiga ba. Kawu bai yi mini faɗa ba, amma shirun da ya yi a kan tabarma daren nan ya fi faɗa ciwo.

Na biyu, na ɗauki bidiyon zoɓo a kan tamfol da sassafe, hazo bai washe ba, na rubuta "La jamaica está seca", wato zoɓon ya bushe. Ya amsa: "No creo que esté bien seca." Sannan ya ƙara: "Ojalá no tenga arena."

Tambayata ita ce: me ya mayar da está zuwa esté, tiene zuwa tenga? Kuskuren rubutu ne, ko wata ƙa'ida ce? Kuma maƙaryaci yake ce mini a fakaice, ko kuwa? Na ga ana ambaton subjuntivo, amma duk bayanin da na samu da Turanci yake, ina fitowa daga ciki da ruɗani fiye da yadda na shiga.

Malamar Hausa, Dambatta

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni Hausa nake koyarwa a sakandaren 'yan mata, Faransanci na haɗa da shi a kwaleji, Sifaniyancina kuma na littafi ne, don haka waɗanda suka zauna da masu harshen za su gyara mini. Amma wannan gaɓar na san ta, kuma abin da zan fara ce maka shi ne ka daina bi ta Turanci. Bature kusan ya rasa wannan siffar a bakinsa, shi ya sa yake wahalar bayaninta. Kai kuwa tun kana goye kake jin ta.

Faɗi waɗannan da ƙarfi: "Sun zo." "Ina so su zo." A ta farko labari ka ba da, abu ya faru, kana iya rantsuwa. A ta biyu ba wanda ya zo tukuna, zuwan yana cikin ranka ne kawai. Ba ka ce "ina so sun zo" ba, kuma ko yaron goye ba zai faɗa ba. Wannan jerin na in zo, ka zo, ki zo, ya zo, ta zo, mu zo, ku zo, su zo, a zo, shi muke kira umartau a aji. Shi ne ɗan'uwan subjuntivo. Bambancin kawai, mu a ɗan lamirin da ke gaban aikatau muke yin canjin, su kuma a wutsiyar aikatau ɗin. Vienen, suna zuwa. Quiero que vengan, ina so su zo.

Ka duba yadda suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Domin ya bushe, para que se seque. Kafin mota ta tashi, antes de que salga el camión. Kada ka loda, no lo cargues. Addu'o'inmu kuwa gaba ɗaya a nan suke zaune: Allah ya kiyaye, Allah ya kawo kasuwa, a sauka lafiya. Su ma haka, que le vaya bien ga mai tafiya, que Dios se lo pague ga wanda ya yi maka alheri, wato Allah ya biya ka.

Abin da ya sa ba ma lura muna da shi, rubutun boko ne ya ɓoye mana. "Ya zo" na labari da "ya zo" na fata iri ɗaya muke rubuta su. A baki kuwa sun sha bamban: na labari dogo ne, sautinsa a sama, na fata gajere, sautinsa a ƙasa. Ka ce "Audu ya zo jiya", ka ce "a gaya wa Audu ya zo", ka saurari kanka. Kullum sai na sa ɗalibaina sun yi haka kafin su yarda.

Sai dai akwai wuraren da hanya ta rabu, kuma a nan kafin alƙalamin kawunka ya faɗa. Mu in muna maganar abin da bai zo ba tukuna, cewa muke "idan samfur ya iso", da siffar abin da ya riga ya wuce. Su ba sa yarda da haka. Muddin cuando, wato lokacin da, na nuni ga gaba, dole subjuntivo ya biyo: cuando llegue. Da labari yake ba ka, da llegó ka gani. Don haka abin da ya ce shi ne, idan samfur ya iso ma yi maganar farashi. Wasalin nan guda ɗaya shi ne yake gaya maka kaya suna hanya.

Wuri na biyu: mu muna cewa "ina so in sayar". Su in mai so da mai aikatawa mutum ɗaya ne, ba sa juya aikatau ɗin ko kaɗan: quiero vender. Sai in wani ne zai yi aikin que ke shigowa: quiero que usted compre, ina so ka saya. Bahaushe kan yi tuntuɓe a nan sosai, saboda bakinsa ya saba.

Na uku shi ne shakka, wadda ka fi tambaya a kai. Mu ba umartau muke amfani da shi wajen shakka ba, 'yan ƙananan kalmomi gare mu: anya, wai, ko, ƙila. "Anya ya bushe kuwa?" To su cikin aikatau suke cusa wannan anya ɗin. Kai ka ce está, ka ɗora nauyinka a kan maganar. Shi ya maimaita maganarka da esté, wato ya ɗauko ta amma bai ɗauki nauyinta ba. Creo que está seca, ina jin ya bushe. No creo que esté seca, ba na jin ya bushe. Dudo que esté seca, ina shakka. Ƙa'ida ce ta tilasta masa, ko da mahaifinsa yake magana haka zai ce.

Tela Na Malabo, yanzu a gida wajen Kazaure

Malama ta gama magana, Allah ya ƙara basira. Ni shekara 9 na yi ina ɗinki a Malabo, can Ikwatoriyal Gini, inda Sifaniyanci ne harshen hukuma da makaranta. Ban taɓa jin sunan subjuntivo ba sai da na yi shekara uku ina amfani da shi a kan keke. Mace za ta ajiye atamfa ta ce "quiero que me quede bien", ina so ta zauna mini daidai, in kuma ka ce gobe za ta samu, ta dube ka ta ce "no creo que termines", ba na jin za ka gama. Da haka ya shiga kunnena.

Yarona, bari in ba ka yadda ake ƙera shi, don Malama ba ta taɓo nan ba. Ka ɗauki yadda za ka faɗi aikin a kan kanka, ka yanke o ɗin ƙarshe. Tengo ya zama teng, salgo ya zama salg, vendo ya zama vend. Sai a yi musayar hula: aikatau masu ƙarewa da ar irin comprar su ɗauki e, masu er da ir irin vender da salir su ɗauki a. Compro, compre. Vendo, venda. Tengo, tenga. Ka ga inda tenga ɗinka ta fito, ba daga tiene ba. Guda shida ne suka ƙi bin layi, sai hadda: sea, esté, vaya, sepa, haya, dé. Rubuta su a bangon sito, a mako ɗaya za su zauna.

Batun llegue kuwa, ka riƙa kallon ɗan karan da ke kan wasali kamar yadda kake kallon allurar sikeli. Llegué mai kara, na iso ke nan, ƙarfin murya a ƙarshe, kuma ni ne na iso, ba kaya ba. Llegue maras kara, ƙarfi a farko, abu bai iso ba. Wanda zai fi cizonka nan gaba shi ne na biya. Pagué, na biya. Cuando le pague, idan na biya ka. Ranar da ka ga wannan kada ka saki ko buhu ɗaya sai ka ga alat. Esté shi kullum da karansa yake, don in ka cire ya koma este, wato wannan.

Inda zan ɗan saɓa da Malama: gaskiya ne ƙa'ida ce ta sa ya ce esté, amma ba ƙa'ida ce ta sa ya zaɓi no creo ba. Ɗan kasuwa ne. Kai ma in ka je gaban manomi ka damƙi zoɓo, ai ba ka cewa ma sha Allah ya bushe ƙarau, cewa kake da sauran danshi. Taya ce yake shiryawa. Ba zagi ba ne, kuma bai ƙaryata ka ba. Da ƙaryatawa yake so ya yi, da kai tsaye zai ce no está seca. Laifin bidiyonka ne ma, wa yake ɗaukar zoɓo da sassafe raɓa ba ta tashi ba?

Ga wani abu da zai yi maka amfani a ciniki. In ya ce "busco un proveedor que tenga jamaica limpia", yana neman mai kaya masu tsabta, bai samu ba tukuna, ƙofa a buɗe take. In ya ce "tengo un proveedor que tiene jamaica limpia", akwai mutumin, da ransa da lafiyarsa, kana da kishiya. Haka aunque, wato ko da yake. Aunque es cara, la compro: ya san da tsada, ya yarda. Aunque sea cara, la compro: ko da ta yi tsada, bai san kuɗin ba tukuna ko bai dame shi ba.

Kuma ka kiyayi si, wato idan. Mutum in ya fara gane abin nan sai ya riƙa zuba shi ko'ina kamar gishiri. Ba a cewa si llegue. Si llega ake cewa. Tal vez da quizás, wato ƙila, suna karɓar kowanne, tal vez sale ko tal vez salga, na biyun ya fi nuna rashin tabbas. A lo mejor kuwa, duk da ita ma ƙila take nufi, siffar labari take ɗauka: a lo mejor sale el jueves. Kada ka tambaye ni dalili, haka suke faɗa.

Sani Mai Riɗi

Ina bin zaren nan da kyau. Mu ma riɗinmu na Gagarawa waje yake fita. Don Allah a ci gaba, kuma wani ya faɗa mini sunan riɗi da harshen.

Alaramma Na Ringim

Assalamu alaikum. Ɗana, ba ni da Sifaniyanci sai abin da ya ratso ta tarihi da lugga, amma kalma ɗaya a saƙon mutumin nan ta tsayar da ni, ba wanda ya yi bayaninta: ojalá.

Daga Larabci take. Asalinta "lau sha'a Allah", da Allah zai so. Musulmi sun shiga ƙasar da ake kira Andalus, wato yankin Sifaniya ta yau, a shekarar 711 ƙarƙashin Ɗariƙu ɗan Ziyad, mulkinsu na ƙarshe a Garnaɗa ya faɗi a 1492. Kusan shekara 800 ana zaune tare, dole harshe ya ɗauki wani abu. Alcalde, shugaban gari a wurinsu, da alƙali namu uwa ɗaya uba ɗaya suke, daga alƙadi. Azúcar da sukari haka. Malam Sani, riɗi ajonjolí suke ce masa a Meksiko, shi ma daga juljulan na Larabci ya fito. Harafin j ɗin nan nasu kusa yake da kha ta Larabci, don haka wanda ya yi allo ba zai sha wuyar furta shi ba.

Amma kada jin asalinta ya sa ka ɗauke ta madadin in sha Allahu. Mai faɗinta a yau yawanci bai san akwai sunan Allah a ciki ba, fata kawai yake yi, kamar mu ce "Allah ya sa" ko "ina ma". Ojalá no tenga arena, Allah ya sa ba yashi. In kai ne za ka yi alkawarin abin da za ka aikata gobe, abin da ya dace da in sha Allahu shi ne si Dios quiere.

Abin da Malama ta faɗa kuma, duk wanda ya zauna gaban malamin nahawu ya san irinsa. Tazhabu, kana tafiya. Da ka ce uridu an, sai ya koma tazhaba, rufu'a ta ba fataha wuri. Wasali ɗaya ya motsa saboda so ya shigo. Ka ga harsuna uku ke nan a hannunka masu yin abin, ba baƙo ba ne.

Ina da roƙo ga Tela: na ji ana cewa ojalá tana da matakai, har da na nadamar abin da ya wuce. A bayyana wa yaron. Ni dai abin da zan ce a kai, ya koye shi don ya gane in an faɗa masa, amma game da buhu 40 ɗin nan kada ya zauna yana "da na sani". Hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa lau tana buɗe aikin shaiɗan, abin faɗa shi ne ƙaddarallahu wa ma sha'a fa'ala. Ka je ka ba kawunka haƙuri da bakinka, kada ka bar shirun ya kwana da yawa.

Tela Na Malabo

Allah gafarta Malam, haka ne, mataki uku ne. Ojalá suba el precio, Allah ya sa farashi ya tashi, ana sa rai. Ojalá subiera, ina ma zai tashi, ran ya yi nisa. Ojalá hubiera subido, ina ma ya tashi, an riga an wuce wurin. Ta tsakiyar ita ce kuma take yin aikin "da... da..." namu: si tuviera dinero, compraría más, da ina da kuɗi da na ƙara saye. Mutanen Meksiko kuma za ka ji suna cewa primero Dios a inda za mu ce da yardar Allah.

Ɗan Zoɓo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malama, jiya a bakin rijiya na yi ta maimaita "ya zo" da "ya zo" har ƙannena suka tsaya suna kallona, kuma wallahi na ji bambancin. Allah gafarta Malam, na je na samu kawu bayan asuba. Ya ce kayan ai ba ruɓewa za su yi ba, in wannan bai saya ba Dawanau na nan.

Na sake shanya zoɓon kwana uku, na ɗauki sabon bidiyo da azahar. Ga abin da na shirya turawa, Baba Tela a duba mini:

"Buenos días, señor. Estoy seguro de que la jamaica está seca. La pusimos al sol tres días para que se seque bien. Quiero que vea este video. Espero que la muestra llegue pronto. Si le gusta, hablamos del precio, primero Dios."

Na bar está bayan estoy seguro saboda na tabbata, na kuma bar gusta bayan si kamar yadda aka ce. Daidai ne?

Tela Na Malabo

Madalla yarona, waɗannan biyun daidai suke, vea da llegue ma sun zauna. Gyara ɗaya ne. Tunda ka ce pusimos, aikin ya wuce, to na bayansa ma ya bi shi baya: para que se secara. Yadda ake samunsa, ka ɗauki secaron, sun busar, ka yanke ron ka sa ra. Haka tuvieron ke ba da tuviera. Zai gane ka ko da seque ka tura, amma secara ta fi tsabta a rubuce.

A bidiyon kuma ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka karya ta dab da wayar, ya ji ƙaras ɗin da kunnensa.

Ɗan Zoɓo

Na gyara na tura, da karyawar da komai. Yau Talata da hantsi ya rubuto: "Ya llegó la muestra. Creo que está bien seca, pero tiene un poco de arena."

Wannan karon ban buɗe manhajar fassara ba. Llegó, ya iso. Está, ya yarda ya bushe. Amma tiene ya ce, ba tenga ba, wato yashin ya gan shi da idonsa. Na duba rariyar da matan ke amfani da ita, idonta ya toshe da ƙura a gefe guda, kuma a ƙasa suke zazzagewa in tamfol ya cika. Jibi in na shiga Maigatari zan sayo sababbi biyu da ƙarin tamfol, mu sake tankaɗe buhu 12 da muka riga muka ɗinke. Baba Tela, yaya zan ce masa kada ya yanke farashi sai ya ga samfur na biyu? Na rubuta "no decida el precio hasta que vea la segunda muestra", amma ban tura ba tukuna.